Ko Kun Sani? Zabibin Turfan

Ko kun san cewa Turfan, wadda ta shahara da inabi a ƙasar Sin, tana cikin wani kwari ne mai zurfi a yankin Shinjiyan, wanda gindinsa ya kai kimanin mita 154 ƙasa da fuskar teku, alhali ruwan saman da yake samu a shekara kimanin milimita 16 ne kacal? Mutanen wurin, waɗanda galibinsu Musulmi ne 'yan ƙabilar Uigur, sun gaji hikimar haƙa rijiyoyi a jere, a haɗa su da magudana ta ƙarƙashin ƙasa mai suna karez, domin ƙanƙarar da ke narkewa a duwatsun Tiyanshan ta iso gonaki kafin rana ta shanye ta. Tsananin zafin yini da sanyin dare, bisa ikon Allah, su ne ke tara zaƙi cikin 'ya'yan inabin, busasshiyar iska kuma ta hana su ruɓewa. Idan an tsinke, akan rataye su cikin ɗakunan tubali masu ƙofofin iska barkatai, su bushe a inuwa, shi ya sa zabibinsu ke fitowa kore, saɓanin wanda aka shanya a rana.