Kada a Goge Kwabon Kaka: Kayan da Mai Tara Tsofaffin Kuɗi Yake Bukata

A ƙauyukan Bici, Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa, da wuya a rushe tsohon ɗaki ko a buɗe adakar wata tsohuwa ba a tsinci kwabo mai huji ko anini ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar wannan yanki ta zama kuɗi, manoma kuma ba su da banki sai tukunya, asusu da bakin zane. Abin da ya rage na waɗannan kuɗi yau yana hannun yara suna wasa da shi, ko kuma an kafa rufin kwano da shi. Wanda ya yi niyyar tara su ya yi tunani mai kyau, amma yawancin masu farawa da hannunsu suke ɓata abin da suka tara, saboda sun fara da neman abin gogewa maimakon abin ajiya.

Toka, tsamiya, lemun tsami, soson ƙarfe da man goge tagulla duk ba kayan mai tara kuɗi ba ne. Duhun da shekaru suka shimfiɗa a kan kwabo shi ne shaidar tsufansa, kuma masana suna rage wa wanda aka goge daraja ƙwarai, don gugar tana cinye rubutu tana barin zane-zane. Idan ƙasa ce ta manne, a jiƙa shi a ruwa mai tsabta, a ɗauraye, a ɗora a kan farin ƙyalle ya bushe sarai. Iyakarta ke nan.

Abu na farko da ya cancanci a kashe wa kuɗi shi ne madubin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo da waya, mai ninka abu sau 10. Da shi ake karanta shekara, da shi kuma ake ganin ƙananan haruffan da ido ke wucewa. A kuɗin zamanin Turawa za a ga H ko KN, alamun masana'antu biyu na Birmingham a Ingila da suka buga su, kuma wani lokaci wannan ɗan harafi ne ke raba kwabon da ya cika gari da wanda ba a cika samu ba. Akwai anini da kwabo na 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a shekarar da ya hau. Aninin farko kuwa, na 1907 da 1908, da sanholo aka yi shi, yana cikin kuɗin sanholo na farko a duniya. Duk wannan sai da madubi, musamman rubutun Larabcin da ke kewaye da hujin.

Sai ƙaramin ma'auni na lantarki, irin na 'yan gwal, da guntun maganaɗisu. Amfaninsu ya fi fitowa a kan liyari, babban kuɗin azurfar nan mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wanda fatake suka yi ta shigowa da shi ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. Na gaske nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya. Kada shekarar 1780 da ke jikinsa ta ruɗi kowa: bayan mutuwar sarauniyar an ci gaba da buga shi da wannan shekara ba a canja ba, saboda haka ba duk mai 1780 ne ya kai wannan tsufa ba. Maganaɗisu ba ya kama azurfa. Idan ya kama, jabu ne. Amma rashin kamawar ba hujja ba ce, don tagulla ma ba ya kama ta. Haka sulalla: na 1913 zuwa wajen 1920 azurfa ne, na bayansu farin ƙarfen ya kau, an koma ruwan rawaya.

Inda aikin yake shi ne ajiya, domin yanayinmu ba ya raga wa ƙarfe. Raɓar watan Agusta a ɗakin ƙasa tana sa tagulla ta yi kore, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, gara kuma ba ta barin takarda. Kowane kuɗi a ba shi 'yar ambulan tasa ta farar takarda, kada su riƙa gogar juna a gwangwani ɗaya. A guji leda mai laushi mai warin roba, irin ta jakar katin shaida. Da zafin bazara takan fitar da wani maiƙo da ke cin ƙarfe. Ambulan ɗin a jera su a akwatin ƙarfe mai murfi, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan raɓa da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a ɗora akwatin a kan maratayi ko kanta, nesa da ƙasa da bango. Wurin ɗauka kuma a kama gefe, da busasshen hannu. Safar hannu ta auduga tana da kyau, amma ba dole ba ce.

A ganina, littafin rubutu mai arha ya fi duk waɗannan muhimmanci, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. A rubuta sunan kuɗin, shekararsa, inda aka same shi da abin da dattijon gidan ya ce ana saye da shi a lokacinsa. Taro, sisi, sule da fataka suna nan a hannun dillalai har Turai, amma labarin sadakin da aka biya da su ko harajin da aka kai wa dagaci ba ya wurin kowa sai tsofaffinmu.

Mai farawa ba sai ya nemi abu mai tsada ba. Ya haɗa jerin 1959, na farko da Babban Bankin Najeriya ya fitar, sannan na 1973 da aka koma naira da kwabo, wanda kwabo 25 ɗinsa ke ɗauke da dalar gyaɗa, sai na 1991 da na 2007. Don kwatance, akwai Gidan Makama a birnin Kano da gidan tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja, shafin Numista na intanet kuma yana nuna hoto da nauyin kowane ɗaya.

A yi hattara da masu yawo ƙauye-ƙauye suna cewa tsohon kwabo yana ɗauke da wani sinadari na miliyoyi, sai an ba da kuɗin gwaji. Damfara ce. An buga yawancin waɗannan kuɗi da miliyoyi, farashinsu kaɗan ne. Idan kuwa garma ta tono tukunya cike da kuɗi, kada a watsa su a kasuwa. A bar su tare yadda aka same su, a sanar da mai unguwa, a nemi ma'aikatan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa su duba.