Sikas: Kama da Dabino, Ba Dabino Ba

Wanda ya ga sikas, wato shukar ado da masana ke kira Cycas revoluta, sai ya ɗauka ƙaramin dabino ne, don ganyensa shar yake rani da damina. Amma ba dangi ba ne. Asalin sikas kudancin Japan ne, kuma renonsa daban yake.

Dabino na son rana tsantsa. Shi kuwa sikas, zafin Garuwa na Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yana ƙona masa ganye. Sai a dasa shi inda zai sami hantsi, inuwa ta rufe shi da azahar. Kwanciyar ruwa tana ruɓar da saiwarsa, musamman a ƙasar laka irin ta bakin Binuwai. Saboda haka a gauraya ƙasa da yashi, a huda gindin tukunya, kada a yi ban-ruwa sai ƙasa ta bushe. Girmansa sai haƙuri: galibi sau ɗaya yake fid da sabon ganye a shekara.

Babban bambanci shi ne, dabino abinci ne, sikas kuwa guba ne, tun ba ƙwayarsa ba, wadda ke lalata hanta. A nisanta shi da yara da awaki.