Jabal Moya: Dutsen Ruwa mai shekara miliyan 740 a tsakiyar lakar Jazira

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sinnar zuwa Rabak da Kosti ya san wurin. Kana tafe cikin baƙar laka shimfiɗe har iya ganinka, kwatsam sai ga duwatsu sun taso, kamar kilomita 30 yamma da Sinnar. Jabal Moya ke nan, wato Dutsen Ruwa. A 2024 sunansa ya cika labarai saboda faɗan da aka yi a kansa, don shi ne ke tsare mahaɗar hanyoyin yankin. Kafin nan, masu tonon tarihi ne suka fi saninsa: tsakanin 1910 da 1914 wani attajirin Ingila, Henry Wellcome, ya sa aka tone kaburbura kusan 3,000 a kwarin da ke cikinsa. To amma shi kansa dutsen fa, yaushe ya samu?

A 1991 masana duwatsu biyu, Robert Stern na wata jami'a a Texas ta Amurka da A. S. Dawud na Jami'ar Khartum, sun fitar da sakamakon bincikensu: duwatsun Jabal Moya sun daskare kimanin shekara miliyan 740 da suka wuce. Akwai giranit a ciki, irin dutsen nan mai tsakuwa-tsakuwa da ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, akwai kuma ɗan'uwansa mai duhu da ake kira canokait. Sunan ya fito ne daga Indiya, daga dutsen kabarin wani Bature, Job Charnock, a Kalkata. Abin dariyar shi ne, canokait ba ya samuwa sai inda dutse ya yi zafi ƙwarai kuma ya rasa ruwa. Ashe Dutsen Ruwa cikin ƙishirwa ya daskare.

Ka ɗauki gutsuren giranit ka juya shi a rana. Za ka ga fari mai kama da gilashi, ka ga ja-ja ko ruwan toka, sannan wasu 'yan ɓarɓashi baƙaƙe masu ƙyalli, waɗanda in sun yi girma farce ma yana ɓare su falle-falle. Wannan shi ne maika. A arewa, wajen Shiraik da ke bakin Nilu, har haƙar farinsa aka yi don sayarwa. Girman ƙwayoyin nan kaɗai ya isa shaida: dutsen da ya huce da sauri a sarari, irin na aman wuta, ƙwayoyinsa ba sa ganuwa. Kafin su yi girman da ido zai gani, sai dutse ya huce sannu a hankali, can ƙarƙashin ƙasa da zurfin kilomitoci.

Maika kuwa agogo ne. A cikinsa akwai sinadarin fotasiyam, kuma wani ɗan kaso nasa yana rikiɗewa a hankali, yana haifar da wata iska mai suna agon. Rabin wannan kaso yana ƙarewa ne cikin shekara miliyan 1,250. Muddin dutse na da zafi, iskar tserewa take yi, kamar tururi daga tukunyar da ba murfi. Da zafin ya sauko ƙasa da kimanin digiri 300, sai baƙin maika ya rufe, iskar ta fara taruwa. Masani ya auna yawan iskar da ta taru, ya gane lokacin da murfin ya rufu. Ka lura, ba ranar daskarewar dutsen maika ke faɗa ba, ranar da ya huce ce. Ranar daskarewa wani ma'adini ne daban ke riƙe da ita, zirkon, ƙanƙane kamar ƙwayar rairayi, wanda yuraniyam ɗin cikinsa ke komawa darma, kuma zafi bai cika ɓata masa lissafi ba. Tazarar da ke tsakanin agogon biyu ita ce tarihin hucewar dutse.

Da aka auna irin waɗannan ma'adinai daga sassa da yawa na Afirka, sai aka riƙa samun lissafin da ya kewaya shekara miliyan 500. A 1964 masanin nan W. Q. Kennedy ya ce wannan alama ce ta wani gagarumin zafi da motsin ƙasa da ya game nahiyar. Daga baya aka gane zamanin da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo ne suka haɗe, manyan tsaunuka suka tashi, sannan ruwa da iska suka cinye su har saiwarsu ta fito. Dutsen Kufena na Zariya da na Kwatarkwashi 'ya'yan wannan zamani ne. Wato jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Bahar Azrak, sun bar dangin dutsen can, sun tarar da danginsa nan.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da wannan? Ruwansa kuwa shi ne ruwa. Dutsen da ake gani a Jabal Moya da Jabal Sagadi kai ne kawai ya leƙo. Sauran jikin yana kwance ƙarƙashin lakar da kogi ya shimfiɗa. Kusa da Bahar Azrak, akwai rairayi da tsakuwa masu kauri tsakanin laka da dutse, su ke riƙe ruwa, shi ya sa rijiya ba ta cika ba da kunya ba. Kana matsowa wajen duwatsun, wannan shimfiɗa tana sirancewa, injin haƙa ya ci karo da giranit tun bai yi nisa ba. Giranit kuma ba soso ba ne. Ba ya riƙe ruwa sai a tsagunan da ya yi lokacin da yake hucewa yana takurewa, da waɗanda suka buɗe da nauyin da ke kansa ya ragu, sai kuma ruɓaɓɓen samansa, inda maika da 'yan'uwansa suka lalace suka zama yumɓu da tsakuwa. Irin ruwan da ke maƙalewa a tsaguna da kwarmin fā ne ya ba dutsen sunansa.

Shi ya sa a irin wannan ƙasa rijiyar burtsatse biyu za su kasance kusa da juna, ɗaya na ambaliya, ɗaya ƙura kawai. Ƙauyen da ke nesa da tur'a, wanda ya dogara da hafir, in ya tara kuɗin haƙa da taimakon 'yan'uwa da ke Saudiyya, kuskure ne babba ya nuna wa mai inji wuri don kawai ya fi kusa da gidaje. Akwai awon da ake yi da wutar lantarki: a kafa ƙarafa a ƙasa, a tura wuta, a ga inda take wucewa da sauƙi. Busasshen giranit yana tare ta, tsaga mai damshi tana ba ta hanya. Kuɗin wannan awo bai kama ƙafar kuɗin rami ɗaya da ya fito a bushe ba.