Tsohuwar dala: nawa take yi a gaskiya?

A wasu gidajen Bangi, Madawa da Buza da ke Nijar akan tarar da tsohuwa ta ƙulle wani faffaɗan kuɗin azurfa a ƙyalle, gabansa hoton mace, bayansa an buga 1780. Dalar sarauniyar Ostiriya Mariya Tereza ke nan, wadda fatake suka shigo da ita ƙasar Hausa. A 1851, lokacin da Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano, guda ɗaya tana cin wuri 2,500. Sunan bai ɓace ba, har gobe ɗan Nijar dala yake ce wa tamma biyar.

Magada kan ga shekarar su zaci sun tsinci dami a kala. A nan ake yin kuskure. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma kasuwannin Larabawa da na Habasha sun riga sun saba da wannan fuskar, sai aka ci gaba da bugawa ba a taɓa shekarar ba. An buga a Biyana, daga baya a Rum, Landan, Paris da Bombai, kuma Ostiriya ba ta daina ba har yau. Dalar da ke ƙyallen kaka tana iya zama ta zamanin yaƙin Hitila.

Saboda haka darajar mafi yawansu tana kan ma'auni. Ta gaskiya giram 28 ce da ɗan ɗori, wajen giram 23 azurfa tsantsa. Maganaɗisu ba ya kama ta, in an kaɗa ta kuma ƙararta takan ja. Wadda aka huda ko aka liƙa wa kunne don ado, masu tara tsofaffin kuɗi kan rage mata farashi, maƙerin farfaru kuwa ba ruwansa, narkarwa zai yi. Ni dai narkarwar nan takan sosa mini rai.

Bangi na bakin iyaka, don haka aninai masu huda na Nijeriya ma sukan fito. Na 1936 na ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus bai cika shekara ba. Labarin na da daɗi, amma an buga su da yawa, kuma babu azurfa a cikinsu. Ita dala kuwa, kafin a sallama ta, a auna, a tambayi farashin giram na azurfa a ranar, a kuma ji bakin mai saye na biyu.