Sabuwar Waya, Tsohon Zumunci: Kada Lambobin 'Yan'uwa Su Salwanta

Mun taso mun tarar da wani littafi mai bangon fata a ɗakin mahaifinmu a Savelugu. A ciki ya rubuta da ajami sunayen dangi da almajiransa, da zangon da kowa ya sauka. Tun bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya tarwatsa fataken goro, gidajen Hausawa da yawa suka rarrabu, wasu a Yendi, wasu a Bawku, wasu a Kumasi. Da irin wannan littafi ake riƙe zumunci. A yau aikinsa ya koma cikin waya, ita kuwa waya tana faɗuwa, tana lalacewa, ana kuma sace ta.

Mun ga haka da idonmu. Wayar yayanmu ta ɓace a kasuwa, bayan mako biyu Allah Ya yi wa gwaggonmu rasuwa. Sai ga shi ba mu da lambar 'ya'yan ƙaninta da ke Bawku, domin duk a waccan wayar suke. Labari bai isa gare su ba sai bayan jana'iza. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tunatar da juna.

Da farko, ya kamata mai waya ya san inda lambobinsa suke kwance. Wuri uku ne: cikin sim, cikin wayar kanta, ko cikin asusun Google. Sim ba ya ɗaukar fiye da suna 250 a galibi, kuma idan ya ɓace ya tafi da su. Gaskiya ne kamfanin layi zai maido maka da lambarka idan ka je da Ghana Card, wanda aka fara haɗa layuka da shi a 2021, kuma kuɗinka na MoMo suna nan, domin suna bin lamba ne da lambar sirri. Amma sabon sim fanko yake zuwa, babu suna ko ɗaya.

Saboda haka mafi aminci shi ne asusun Google. A tsohuwar waya, shiga wurin lambobi, ka kwafo na sim da na waya zuwa asusun, sannan ka kunna data su hau. Idan ka shigar da wannan imel ɗin da kalmar sirrinsa a sabuwar waya, sunayen za su sauko da kansu. Wanda ba shi da data yana iya fitar da su duka a fayil ɗaya mai ƙarewa da .vcf, ya tura ta Bluetooth, ya buɗe a sabuwar. Mai komawa iPhone kuwa akwai manhajar Move to iOS. Hirarrakin WhatsApp ajiyarsu daban ce: sai an adana su a Google Drive tun tsohuwar wayar na hannu.

A nan ne da yawa suke tuntuɓe. Mai shago ne ya buɗe musu imel ranar da suka sayi waya, ba su san sunansa ba, balle kalmar sirri. Rijiya ce ba guga. Ka nemi a nuna maka, ka canza kalmar, ka rubuta ta a takarda ka adana a gida. Haka nan kowace lamba a rubuta ta da lambar ƙasarta: +233 ta Ghana, +228 ta Togo, +226 ta Burkina Faso, +227 ta Nijar, +234 ta Nijeriya, domin ta yi aiki ko an tsallake iyaka. Kafin a ba yaro tsohuwar waya ko a sayar, a goge ta ƙaf, domin lambobin mutane amana ce.

Game da manhajoji, kaɗan masu amfani sun fi tarkace. GhanaPostGPS, wadda aka ƙaddamar a 2017, tana ba gida adireshin da baƙo ko motar asibiti za su bi. Sabunta katin lafiya na NHIS ma ba ya buƙatar manhaja, *929# ya wadatar. Manhajar lokutan salla tana taimakon matafiyi, kuma alƙibla a yankinmu gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. Sai dai a lura da izinin da kowace take nema. A 2020 rahotanni sun nuna cewa bayanan wurin masu amfani da Muslim Pro sun isa hannun dillalan bayanai. Manhajar tocila da ke neman ganin lambobinka, me za ta yi da su?

A ƙarshe, muna ba kowane magidanci shawara ya zauna da iyalinsa wani yammaci, a duba wayar uwargida da ta tsofaffi, a kai lambobinsu asusu. Sannan a sami littafi a rubuta lambobi ashirin mafi muhimmanci, kamar yadda magabata suka yi. Allah Ya ƙara mana zumunci, amin.