Me ke riƙe aksil ɗin bayan mota? Dabaru uku a mizanin hanyar Gangara

Duk wanda ya saba bin hanyoyin Gangara, Sabon Birni da Isa ya taɓa ganin akori-kura ɗauke da buhunan gero tana tafiyar kaguwa: gabanta na kallon hanya, bayanta ya karkace gefe. Sau da yawa ba sitiyari ba ne ya lalace. Aksil ɗin baya ne ya goce daga mazauninsa.

A Hilux da makamantanta, tayoyin baya biyu suna kan aksil guda. Dole ya riƙa hawa da sauka a kan gargada, amma ba a son ya matsa gaba ko baya, ko ya zame gefe a kwana. Yadda ake riƙe shi ne ya bambanta motoci.

Tsohuwar dabara ita ce sifirin mai falle-falle, wanda ke ƙarƙashin Hilux da Peugeot 504 akori-kura, irin wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Shi ke ɗaukar kaya, shi kuma ke riƙe aksil ta kowane ɓangare. Rauninsa ƙaramin ƙarfe ne, senta bol, wanda ya ratsa tsakiyar fallayen. Idan lodi ya yi yawa kuma yubol ya saki, sai ya tsinke, ɓangare ɗaya na aksil ya ja baya. Tafiyar kaguwa ke nan. Taya ta cinye a gefe guda, burki kuma ya riƙa fizgar motar. Daɗin abin shi ne kusan kowane bakanike a Isa zai iya gyara shi da jak da sifana.

Motoci irin su Prado da Fortuner sun koma sifirin mai naɗi. Ya fi laushi, amma ba ya riƙe komai sai nauyi. Don haka aka sa sanduna huɗu da ke hana aksil matsawa gaba da baya, da ta biyar a gicciye, wadda ake kira Panhard, sunan wani kamfanin motoci na Faransa. Bakinta ɗaya a jikin shasi, ɗayan a jikin aksil.

Sai dai sandar tana lilo ne kamar ƙyaure, bakinta ba ya tafiya a miƙe. Lissafin ba wuya: idan tsawonta mita 1 ne kuma tana kwance daidai, aksil ya motsa santimita 10, zai zame gefe da milimita 5. Ya motsa santimita 20, zamewar ta kai santimita 2. A kan kwalta ba a ji. Matsalar tana fitowa ne idan aka ɗaga bayan mota don gudun kafewa a rairayi, aka bar sandar yadda take. Ta riga ta karkace tun motar na tsaye, kowane rami kuma sai ya tura bayan gefe. Haka idan robobin bakinta sun mutu.

Dabara ta uku ta girmi mota kanta. James Watt ne ya yi mata rajista a 1784 don injin tururi. Sanduna biyu ne, ɗaya daga hagu ɗaya daga dama, suka haɗu a wani ɗan ƙarfe mai juyawa a tsakiyar aksil. Abin da ɗaya ta ja, ɗayar ta rama, sai aksil ya hau ya sauka kusan a miƙe. Ita Ford ta sa wa Everest da Ranger Raptor, wadda ta fito a 2018. A bidiyon YouTube abin sha'awa ce. Amma mahaɗanta biyar ne, na Panhard biyu, kuma kowace mahaɗa wuri ne da ƙura da ruwan damina za su ci. Kayan gyaranta ma ba a kowane shago ake samu ba.

A wannan yanki, inda matsalar tsaro ta sa babu direban da ke son mota ta tsaya masa a daji da yamma, sauƙin gyara ya fi laushin tafiya daraja. Ga mai lodi, falle-falle ne ke gaba. Mai ɗaukar fasinja da marasa lafiya zuwa Sakkwato zai fi jin daɗin Panhard, muddin yana canza robobin a kan lokaci.

Mai shirin sayen mota yana iya gwada ta da wayarsa. Wani ya tsaya a baya ya ɗauki bidiyo yayin da take tafiya a miƙe a kan rairayi, sannan a duba sawun: idan na tayoyin baya ya kauce wa na gaba zuwa ɓangare guda, a leƙa ƙarƙashi da fitilar waya kafin a biya kuɗi.