Garkuwar Ƙwari a Goshin Jif

Da damina, jif ɗin da ya taso daga Funtua zuwa Dandume bayan magariba yakan iso da gilashin gaba cike da ƙwari, musamman shinge a daren da aka yi ruwa. Gonakin masara ne dama da hagu, fitilar mota kuma tana janyo ƙwarin.

Akwai wata doguwar roba mai tauri, galibi baƙa, da ake ɗaurawa a bakin bonet. Idan mota ta ɗauki gudu, sai robar ta karkatar da iska sama, ƙananan ƙwari su bi ta kan rufi. Manya dai suna fashewa a gilashi. A tafiyar hawainiya cikin kasuwar hatsi kuwa, ado ce kawai. Amfaninta na gaske shi ne kare fenti daga tsakuwar da tireloli ke watsowa.

Mai nema sai ya tambayi 'yan kayan mota a Ƙofar Ruwa, Kano, ko Panteka, Kaduna. Ya faɗi samfuri da shekara, domin ta Prado ba ta hawa Highlander. Wata da ƙugiya ake kama ta, wata da gam. Mai gam ɗin sai an wanke wurin ya bushe ƙarau.